Malam Aminu Kano: Malamin da ya ajiye aikin gwamnati da saninsa

A watan Disamba na 1950, wakilan Jam'iyyar Mutanen Arewa suka hallara a garin Jos domin babban taronsu na shekara. Jos a wancan zamani gari ne na haƙar kuza, wanda ya tara leburori da akawuna da fatake daga kowace kusurwa ta ƙasar, kuma maganar siyasa ta fi saurin kamawa a cikinsa fiye da tsofaffin biranen sarauta. Ƙungiyar da ta kira taron ba ta riga ta zama jam'iyyar siyasa ba. An kafa ta ne da sunan raya al'adu da ci gaban Arewa, a ƙarƙashin shugabancin Dokta R.A.B. Dikko, kuma galibin 'ya'yanta ma'aikatan gwamnati ne ko na En'e, masu albashi da iyali da abin tsoron rasawa.

Wakilan Kano masu ra'ayin sauyi sun zo da buƙatar a fito fili a shiga siyasa, a kuma fuskanci mulkin En'e gaba da gaba. Masu rinjaye a zauren suka ƙi, domin suna ganin duk tafiyar da ba ta da yardar sarakuna ba za ta kai ko'ina ba. Daga wannan taro hanya ta rabu biyu. Masu sassaucin ra'ayi suka riƙe ƙungiyar, wadda ta zama jam'iyyar NPC a watan Oktoba na 1951, masu neman sauyi kuma suka tsaya da ƙafafunsu a NEPU. Cikin waɗanda suka bi hanya ta biyu akwai wani malamin makaranta ɗan shekara talatin, wanda wata guda kacal kafin taron ya miƙa takardar barin aikin gwamnati. Sunansa Aminu, ɗan Malam Yusufu na Kano.

Gidan da ya fito

An haifi Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Danginsa Gyanawa ne, Fulanin da aka sani da ilimin shari'a da alƙalanci. Mahaifinsa muhuti ne a kotun Alƙalin Kano, har ma ya taɓa riƙe kujerar na wani lokaci. Mahaifiyarsa, Rakiya, mai ilimi ce, kuma a hannunta ya fara karatu. Wannan asali yana da muhimmanci ga mai son fahimtar rayuwarsa, domin Aminu ba daga wajen tsarin sarauta ya taso ba. A cikinsa aka haife shi, ya san yadda ake gaisuwa a fada, ya san yadda ake yanke hukunci a gaban alƙali, kuma da ya so, da wuri na jiransa a can.

Ya yi elementare a Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sannan ya shiga babbar kwalejin Arewa, wadda aka ɗauke daga Katsina zuwa Kaduna a 1938. Ita ce makarantar da ta yaye yawancin waɗanda suka riƙe Arewa daga baya. Ya kammala a 1942 da shaidar malanta, aka tura shi Midil ta Bauchi. Tun yana ɗalibi yake rubuta gajerun wasannin kwaikwayo da Hausa, yana zolayar ha'inci a kasuwa da girman kan masu mulki.

A Bauchi ya haɗu da mutum biyu da suka yi tasiri a kansa. Na farko shi ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, babban malami a makarantar, mai natsuwa da auna magana. Na biyu shi ne Malam Sa'adu Zungur, masani mai kaifin harshe da alƙalami, wanda ba ya ganin wata sarauta ta fi ƙarfin tambaya. Su ukun suna cikin 'yan bokon da suka riƙa shirya zaman muhawara a Bauchi a farkon shekarun 1940, inda ake tattauna haraji da aikin tilas da kuma mulkin da Turawa suke gudanarwa ta hannun sarakuna. Hukuma ba ta daɗe tana jure irin wannan zama ba.

A 1946 ya sami gurbin ƙaro ilimi a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya tarar da Ingila a hannun gwamnatin jam'iyyar Leba, ya kuma shaida yadda Indiya ta kama hanyar samun 'yancinta a 1947. Salon gwagwarmayar Gandhi, wadda ba ta dogara da makami ba, ya zauna masa a rai. Da ya komo gida ya sa hannu wajen kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948, ya zama babban sakatarenta. Ba da jimawa ba aka ɗauke shi daga Bauchi aka tura shi makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato, wadda yanzu take cikin Jihar Zamfara, nesa da biranen da ake jin muryarsa.

Takardar Nuwamba

Shekarar 1950 ta zo da abubuwa biyu a wata guda. A ranar 8 ga Agusta, wasu matasa takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu har da Abba Maiƙwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule. A cikin watan ne kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya gabatar da ƙudurin neman gyara tsarin En'e. Tsofaffin abokan aikin biyu sun yarda akwai cuta. Inda suka saɓa shi ne wajen magani: ɗaya yana ganin a gyara gidan daga ciki, ɗayan yana ganin sai an girgiza shi daga waje.

Sunan Aminu ba ya cikin mutum takwas ɗin, ko da yake tunaninsa yana tare da su, domin ƙa'idar aiki ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasa. Hanyoyi uku ne a gabansa. Yana iya yin shiru ya ci gaba da koyarwa, ya jira ƙarin girma, wanda ga mai takardar Landan a Arewar wancan lokaci tabbas ne. Yana iya riƙe aikin ya riƙa yin siyasa a ɓoye, kamar yadda wasu suka yi, yana rubutu da sunan aro yana tura wasu gaba. Ko kuma ya saki albashin ya fito da fuskarsa. A farkon Nuwamba na 1950 ya zaɓi ta uku. Ya kuma bayyana dalilansa a jarida da sunansa, domin kada wani ya ce korarsa aka yi, kada kuma shi kansa ya sami ƙofar komawa da baya.

Abin lura a nan shi ne bai karya ƙa'idar aikin yana fakewa da kyawun manufarsa ba. Ya amince cewa ba a haɗa albashin hukuma da yaƙar hukuma, sai ya ajiye ɗaya ya ɗauki ɗaya. Bai kuma yi haka cikin rashin sani ba. Ɗan gidan alƙalai ne, ya san kotu da 'yan doka da gidan yari duk a hannun En'e suke, ya san kuma En'e ce ke ba da izinin taro ko ta hana.

Farashin zaɓi

Sakamako bai ɓata lokaci ba. A zaɓen 1951, wanda aka yi shi hawa-hawa, NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano. Amma tsarin ya ba En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, kuma da aka kai can babu ɗan NEPU ko ɗaya da ya tsallake zuwa majalisa. A 1953 aka zaɓi Malam Aminu shugaban jam'iyyar. A zaɓen tarayya na 1954 ya sha kaye a hannun Maitama Sule, wanda a lokacin ya riga ya koma NPC. A zaɓen yanki na 1956 ya sake faɗuwa, a wannan karo a hannun Alhaji Ahmadu Ɗantata. Shekara tara ya yi bayan barin aiki kafin ya zauna a kujerar majalisa.

Wahalar da ta fi nauyi ba a kansa ta sauka ba. Ta sauka ne a kan teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure da manoman da suka karɓi katin jam'iyya mai alamar tauraro. An ɗaure su bisa laifin taro ba izini ko zagin sarki, an yi wa wasu bulala, an tsananta wa wasu haraji har suka bar garuruwansu. A Kano an sami gungun 'yan daba da ake kira Mahaukata, waɗanda aikinsu shi ne tarwatsa taron 'yan adawa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da dama. Wanda ya kira mutane zuwa irin wannan hanya ya ɗauki alhakin abin da zai same su, kuma Malam Aminu ya san da haka. Abin da ya iya yi shi ne ya zauna cikinsu, gidansa a buɗe, yana bin shari'o'insu, yana rubuta ƙorafi zuwa Kaduna da Ikko da Landan, yana kuma yi musu gargaɗi a kan ramuwa da makami.

Da yake abokan hamayya suna jifan NEPU da rashin ladabi da rashin addini, ya riƙa mayar da martani daga cikin littattafan da kowa ya yarda da su, yana kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu a kan adalcin shugaba da haramcin cin dukiyar talaka. Ya kuma nace a kan ilimin mata da ba su damar jefa ƙuri'a, a lokacin da wannan magana take rage wa ɗan siyasa magoya baya a Arewa. Matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai a 1976. A 1958 ya rasa Malam Sa'adu Zungur, wanda daga baya ya rubuta littafi a kan rayuwarsa.

Shiga gwamnati

Da labarin ya tsaya a nan, da ya zama labari mai sauƙi na mutumin da ya ƙi hukuma har ƙarshe. Rayuwarsa ba ta tafi haka ba. A zaɓen Disamba na 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Tarayya. NEPU tana ƙawance da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, ita kuwa NCNC sai ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista. Haka Malam Aminu ya sami kansa a ɓangaren gwamnati a Ikko, yana riƙe da muƙamin mai tsawatarwa, alhali a gida jam'iyyar da yake zaune da ita tana ci gaba da matsa wa mutanensa. Wasu magoya bayansa sun ga wannan a matsayin sassauci da bai dace ba. Shi kuwa ya ɗauka cewa ficewa daga ƙawancen zai bar NEPU ba ta da kowa a tarayya. Ya tsaya a kan matsayinsa, ya sha sukar da ta biyo baya. A zaɓen 1964, wanda aka yi cikin rikici da ƙauracewa, ya rasa kujerar.

A watan Janairu na 1966 sojoji suka kifar da gwamnati, aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa, daga baya aka haramta jam'iyyu. Tsohon abokin aikinsa na Bauchi, wanda ya zaɓi gyara daga ciki, ya biya nasa farashin da ransa. A 1967, ƙasa tana bakin yaƙin basasa, Yakubu Gowon ya gayyaci fararen hula cikin majalisar zartarwarsa, har da Cif Obafemi Awolowo da Joseph Tarka da Malam Aminu. Ya karɓa. Ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 1967 zuwa 1971, sannan aka mayar da shi ma'aikatar lafiya. Mutumin da ya yi shekaru yana neman mulkin da jama'a suka zaɓa, ga shi yana aiki a gwamnatin da ba wanda ya zaɓe ta. Hujjarsa ita ce ɗorewar Najeriya a matsayin ƙasa ɗaya, da kuma damar da ƙirƙiro jihohi goma sha biyu a watan Mayu na 1967 ta buɗe. A cikin waɗannan shekaru ne aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, wato abin da NEPU ta daɗe tana kira a yi.

Ana iya saɓa masa a kan wannan shawara, kuma an saɓa. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne yadda ya fito daga ofis. Ya riƙe manyan ma'aikatu biyu a shekarun da kuɗin man fetur ya fara kwarara, kwangiloli suna wucewa ta teburinsa, ya kuma koma gidansa na Gwammaja yadda ya bar shi. Bayan faɗuwar gwamnatin Gowon a 1975, lokacin da aka bi diddigin dukiyar manyan jami'ai, sunansa bai ɓaci ba.

Zaɓi na ƙarshe

Da aka ɗage takunkumin siyasa a watan Satumba na 1978, Malam Aminu yana cikin waɗanda suka fara zaman da ya haifi jam'iyyar NPN. A nan ma ƙofar sauƙi a buɗe take, domin NPN ce ta tara manyan Arewa da masu kuɗi, kuma ita ake kyautata wa zaton cin zaɓe. Da ya ga inda aka dosa da irin matsayin da aka tanadar masa da mutanensa, sai ya fice, yana da shekara hamsin da takwas, ya jagoranci kafa PRP mai alamar mabuɗi. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ya zo na huɗu cikin 'yan takara biyar, da ƙuri'a kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, Alhaji Shehu Shagari ya yi nasara. Amma PRP ta ci gwamnonin jihohi biyu: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Cikin matakan farko da suka ɗauka akwai soke haraji da jangali, waɗanda talakan Arewa ya yi shekaru aru-aru yana kuka da su.

Nasarar ba ta zo da kwanciyar hankali ba. A 1980 jam'iyyar ta dare gida biyu a kan batun hulɗar gwamnonin biyu da takwarorinsu na wasu jam'iyyun adawa, wadda shugabancin jam'iyya bai amince da ita ba. Aka sami 'yan Taɓo, masu biyayya ga Malam, da 'yan Santsi, masu bin gwamnoni. Matasan da suka taso a zaurensa suka zarge shi da kusantar NPN, shi kuma ya tsaya a kan cewa jam'iyya tana gaba da duk wanda ta tsayar. An kori gwamnonin daga jam'iyya, kuma a watan Yuni na 1981 majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Har yau masana tarihi da tsofaffin 'yan PRP ba su daidaita a kan wanda ya fi gaskiya a wannan rikici ba. Malam Aminu yana da nasa kason a cikin abin da ya faru, domin shi ne shugaba, kuma da amincewarsa aka yanke hukuncin da ya raba gidan.

Duk da haka ya shirya sake tsayawa takara a 1983, ya kuma ɗauki mace, Uwargida Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya, abin da ba a saba gani ba a siyasar ƙasar. Bai kai ga zaɓen ba. Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa na Gwammaja, yana da shekara sittin da biyu. A cikin gidan aka binne shi.

Abin da ya rage

Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Yawanci ana faɗar wannan karin magana ne don gargaɗi, amma a rayuwar Malam Aminu ta zama kamar ƙa'idar aiki. Sau huɗu ya tsaya a mararraba: a 1950 da ya bar aiki, a 1959 da ya zauna a ɓangaren gwamnati, a 1967 da ya karɓi muƙami a hannun soja, da 1978 da ya juya wa babbar jam'iyya baya. Sau biyu ya fita, sau biyu ya shiga. Saboda haka rayuwarsa ba ta koyar da cewa barin aiki shi ne jarumta, zama kuma ragwanci. Tafawa Ɓalewa ya zauna a ciki bisa imaninsa, shi ma Malam ya zauna a ciki lokacin da ya ga dacewar haka. Abin da ya haɗa matakan huɗu shi ne kowannensu an ɗauke shi a fili, da suna, bayan an auna abin da zai ci, kuma wanda ya ɗauke shi ya tsaya a wurin da za a same shi idan an zo tuhuma.

Wannan ya shafi duk wanda ke zaune a bayan tebur a sakatariyar tarayya, ko yake riƙe da jakar wani mai girma. Aikin hukuma yana da mafaka da yawa: umarni daga sama ne, fayil ɗin haka ya zo, kowa ma haka yake yi. Malamin Maru yana da irin waɗannan mafaka a 1950, har da wadda ta fi su ƙarfi, wato cewa Turawa ne ke mulki kuma shi ƙaramin ma'aikaci ne. Kwamishinan tarayya na shekarun 1970 ma yana da tasa, domin a lokacin tara dukiya a ofis ya fara zama ruwan dare. Bai shiga ko ɗaya daga cikinsu ba.

A yau filin jirgin saman Kano yana ɗauke da sunansa, haka ma asibitin koyarwa na birnin, da wani babban titi a unguwar Wuse ta Abuja wanda dubban ma'aikata ke bi kowace safiya. Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Gidan Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Masu ziyara suna iya ganin ɗakunan da ya zauna da kabarinsa, a cikin gida guda ɗin da ya koma bayan ya riƙe ma'aikatun tarayya biyu.